Dutsen da Iyarku Ta Goge

Akwai labarin da kuke bayarwa duk sanda aka taru a gidan nan, kuma ɗan'uwanku Habu ya fi kowa iya shi, har da kwaikwayon murya. Wai Iyarku ta ɗauki dutsen awon gwamnati ta yi ta dirza da toka har kilo ya rame. A yi ta dariya, jikoki na birgima, ni ma ina murmushi daga kan tabarmata. Wannan murmushin na ƙarya ne, kuma na gaji da shi. Iyarku Yagana, Allah ya ji ƙanta, ba ta nan balle ta kare kanta, ko da tana nan ma ba za ta yi ba. Zan faɗi abin yadda ya faru, domin na san inda aka yanke labarin. Ni na yanke shi.

Kun tashi kuna jin ana kirana Malam Sale mai sikeli, amma ban taɓa zaunar da ɗayanku na gaya masa mene ne aikin ba. Sufeton awo ne ni. In shiga kasuwa da akwatina na katako, in gwada duwatsun awon 'yan kasuwa da nawa, wanda ya yi daidai in buga masa hatimi, wanda ya kauce in karɓe. A cikin akwatin duwatsun duk baƙin ƙarfe ne, sai guda ɗaya na tagulla, mai kilo ɗaya, shi ne alƙalin sauran. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne mutumin Miga, mai faɗa kamar me. Ranar da ya fara buɗe mini akwatin na kai hannu zan ɗauki na tagullar, ya make mini yatsu. Ya ce gumi yana ƙara masa nauyi, gogayya tana rage shi, ba a ɗaukarsa sai da ƙyalle. Sannan ya gaya mini abin da ya sa na so aikin nan har tsufana. Ya ce wannan dutsen an gwada shi da na Kano, na Kano an gwada shi da na ƙasa, na ƙasa da na wata ƙasar, haka har a kai ga wani ɗan dunƙulen ƙarfe guda ɗaya da ke ajiye a Faransa, wanda shi ne kilon duniya. Ni da na yi karatun allo na gane nan take. Silsila ce, irin ta malamai: na ɗauka daga wane, shi kuma daga wane. Duk ranar da na tsaya a kasuwar kifi, ƙuda na bina, rana na dukana, nakan ji cewa ni ne ƙarshen wata doguwar igiya, kuma hakan yana sa ni ɗaga kai.

Wurin akwatin ofis ne. Wata damina kogi ya cika ya shigo gari, ruwa ya kai gwiwa a ofishinmu, na ɗauko akwatin a ka na kawo shi gida. Ruwa ya janye, akwati bai koma ba. Ya fi mini sauƙi in fita da shi daga gida, ba wanda ya tambaya, shekaru suka yi ta tafiya, sun haura goma. Ka'ida kuma ita ce a riƙa kai shi gwaji lokaci-lokaci. Aka yi ta ɗagawa, yau babu mota, gobe a jira takarda, ni kuwa ban matsa ba, domin na yarda da dutsena fiye da yadda na yarda da idona. Ku riƙe waɗannan biyun, ba sa cikin labarin da Habu ke bayarwa.

Iyarku 'yar masu fataucin bandar kifi ce, kakanninta daga bakin tafkin Cadi suka zo. Ta shigo gidan nan da tasoshin tagulla na mahaifiyarta, kuma a gidansu mace mai barin tagulla ta yi duhu ba ta da ta cewa. Kowace Juma'a, da na fita masallaci, sai ta baje su a gindin rijiya, ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka mai laushi, ta yi ta murzawa tana 'yar waƙarta da Barbarci. In na dawo tsakar gida na ɗaukar ido. A makon da na kawo akwatin ta tambaye ni:

"Malam, me ke cikin akwatin nan da kake lallaɓawa kamar ƙwai?"

"Kayan aiki ne," na ce.

Iyakar bayanin da na taɓa yi mata ke nan. Ban ce kada ta buɗe ba, ban ce mata ga abin da gogayya ke yi ba. A ganina mace da ba ta yi boko ba, ina ruwanta da silsilar kilo. Bayan haka na fara lura dutsena yana sheƙi. Ni da aka koya wa aiki, ya kamata gabana ya faɗi. A maimakon haka daɗi na ji. 'Yan kasuwa suna cewa dutsen Malam Sale kamar zinariya, ni kuma in gyara hula. Na gaya wa kaina ƙyallen da nake naɗe shi ne ke goge shi. Mutum in yana son abu yakan samo masa dalili.

A shekarar da zan yi ritaya, da rani, na je rumfar Alhaji Bukar, mai sayen ƙaro daga mutanen ƙauye. Mutanen wajen Baturiya sukan wuce rumfuna da dama su kawo masa, saboda an san shi ba ya tauye awo. Na ɗora dutsensa a hannu ɗaya na ma'auni, nawa a ɗayan. Nasa ya rinjaya. Ba da yawa ba, amma ya wuce abin da doka ta yafe, kuma mai saye da dutse mai nauyi yana cin haƙƙin mai kawo kaya ne.

"Malam Sale, dutsen nan gadonsa na yi," ya ce a hankali. "Sake gwadawa."

Na sauya musu hannu, nasa ya sake rinjaya. Na karɓe shi a gaban mutane, har da ɗan wa'azina a kan masu tauye mudu, domin a lokacin bakina ba ya gajiya da wa'azi. Dattijon ya dube ni, ya ce Allah ya fi mu sani, ya koma ya zauna. Kafin wata ya zagayo masu kawo masa ƙaro sun ragu.

Gab da damina aka ce in kai akwatin Kano a gwada kafin in miƙa wa magajina. Ma'aikaciyar da ta karɓa, sa'ar yayarku Falmata ce, ta daɗe a ciki. Da ta fito sai ta miƙo mini gilashin ƙara girma.

"Baba, wa yake goge wannan?"

Na duba. Jikin dutsen duk zane-zane ne sirara, hatimin da ke kansa ya kusa shafewa. Abin da ya ragu bai fi 'yan ƙwayoyin shinkafa da za ka ɗiba da yatsu uku ba, amma a aikinmu wannan rami ne. Dutsen Alhaji Bukar lafiyarsa ƙalau. Nawa ne ya rame. Suka soke shi daga aiki, na roƙa suka bar mini shi, na sa a aljihu. Tun daga Kano har Haɗeja ina ta dafa fushina a mota.

Na iso da la'asar, na same ta tana tankaɗe. Na ajiye dutsen a gabanta na tambaye ta ko ta taɓa taɓa shi. Wallahi fuskarta haske ta yi. Ta ɗauka yau ne, bayan shekaru, na lura.

"Sai yau ka gani, Malam? Ai kowace Juma'a. Shi nake fara yi kafin tasoshina, tun toka na da kyau."

Abin da na faɗa mata zan rubuta shi yadda yake, ko da zai rage mini daraja a idonku. Na ce wa ya aike ta. Na ce ita da ba ta san ko sunanta a takarda ba, me ya kai hannunta kan abin da ya fi ƙarfin kanta. Na ce aikin shekara talatin ta rushe mini da tokar murhu. Ta ajiye rariyar. Ba ta yi kuka ba, da ma ba mai kuka ba ce a gaban mutum.

"Na ga ya yi duhu ne," ta ce. "Na ce kada ka shiga cikin mutane da shi haka."

Ranar kasuwa na mayar wa Alhaji Bukar dutsensa. A nan na yi abin kirki rabi. Na tara mutanen layin, na ce dutsensa daidai yake, nawa ne ya kauce, na nemi gafararsa. Sai wani ya tambaya yadda aka yi dutsen gwamnati ya kauce. Amsar gaskiya tana bakina: na ajiye shi inda bai kamata ba, ban kai shi gwaji ba, na ga alama na kau da kai. Amma idanu sun yi mini yawa, kunya ta rufe ni, sai na ji kaina ina cewa aikin mata ne, uwargida ce ta ga ya yi datti ta sa masa toka da tsamiya. Layin ya fashe da dariya. Har da masu riƙe ciki. Na ji nauyi ya sauka daga kafaɗata, domin yanzu ba sufeton da ya yi sakaci ba ne ni, mijin da matarsa ta yi wauta ne. Alhaji Bukar kaɗai bai yi dariya ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna.

"Ni ka wanke ni, na gode. Amma da ka bar baiwar Allah a gidanta."

Labarin ya riga ni isa unguwa. Matan maƙwabta suka samu abin tsokana, in ta shiga gidan suna sai a ce ga mai gyaran kilo ta zo. Takan yi dariya tare da su, amma ta rage fita. A gida ba ta fasa mini komai ba, tuwo a kan lokaci, ruwan wanka, gaisuwar safe. Abu ɗaya ta daina: taɓa kayana. Ɗakina da take shiga ta jera littattafai, ta kakkaɓe huluna, ta goge butar alwala, sai ya zama tana tsayawa a bakin ƙofa. In na bar agogo a kan tabarma, zagaye shi take yi da tsintsiya. Sai a lokacin na san yawan abubuwan da hannunta ke bi a rayuwata. Na yi kewar hannun nan tun tana raye, tana tsakar gida ina jin motsinta.

Da kaka Falmata ta zo. Ku ƙanana ba ku san irin alfaharin da nake yi da yayarku ba: tana koyar da kimiyya a jami'a, kuma a shekarar an tura ta wata ƙasa ta yi watanni a ɗakin binciken awo. Muna zaune a inuwar darbejiya da yamma, Iyarku na gefe da faifai tana tsince sabuwar shinkafa, na tambaye ta ko ta samu labarin dutsen Faransa.

"Baba, ai an yi masa ritaya kafin kai," ta ce tana dariya.

Na ɗauka wasa take yi. Ta ce a'a. Shekaru da dama yana kulle a ƙarƙashin murafan gilashi, ba a ɗaukarsa da hannu, amma da aka fito da shi aka gwada da 'yan'uwansa da aka ƙera tare, sai aka ga sun ɗan rabu. Kuma ba mai iya rantsuwa wane ne ya canza, tunda a doka duk abin da ya auna shi ne kilo. Saboda haka ƙasashe suka taru suka ɗaure kilo a jikin wani adadi na halitta, wanda Allah ya sa ba ya canzawa, ko a Faransa ko a Haɗeja. Na ce adadi ai ba a ɗora shi a sikeli. Ta ce shi ya sa aka ƙera wani ma'auni: hannu ɗaya dutse, ɗaya hannun naɗin waya a cikin maganaɗisu. Ana sakar wa wayar wutar lantarki har ƙarfinta ya riƙe dutsen cak. Daga auna wutar, da saurin motsin wayar, da ƙarfin jan ƙasa a wurin, sai a fitar da nauyin dutsen. Wasu kuma ƙwallo suke yi na wani ma'adini da ake kira silikon, su lissafa yawan ƙwayoyin zarra da ke cikinsa.

Ji na yi kamar an ce mini an rushe gidan kakana. Ban taɓa ganin dutsen nan ba, amma shekara talatin ina jingine da shi.

"To mu na kasuwa fa? Shi ke nan igiya ta tsinke?"

"Tana nan, Baba, kanta kawai aka canza. Ƙasashen da ke da irin na'urar ba su da yawa, kuma har yanzu amsoshinsu ba su zo daidai cif ba. Sai suke gwada na juna, su tsayar da matsaya ɗaya a tsakani, kowa ya raba wannan, har ranar da na'urorin za su daidaita. Daga nan a ɗora wa duwatsun ƙarfe, a sa a akwati, mutum ya ɗauka ya kai wata ƙasa. Daga can zuwa Kano, daga Kano zuwa irinku."

Ban san Iyarku na saurare ba. Ba ta ɗago kai daga faifan ba ta yi magana.

"Falmata, shi wancan na Faransa, ba ya datti?"

"Yana yi, Iya. Iska ma tana ɗora masa. Kafin a gwada shi sai an wanke shi."

"Wanke shi suke yi?"

"Ƙwarai. Da fata mai laushi da wani ruwan magani, sannan a bi shi da tururi. Akwai yadda ake yi a rubuce, kuma sai an koya wa mutum kafin ya taɓa."

Iyarku ta tsince wani ɗan tsakuwa ta yar.

"To," ta ce. "Su an gaya musu yadda ake yi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ko kallona ba ta yi ba. Falmata ta dube ni. Wuri ya buɗe mini, kalma uku kawai ake bukata, a gaban 'yarmu, a tsakar gidanmu. Na gyara murya, na tambayi Falmata wane irin maganaɗisu ne suke amfani da shi. Ta amsa mini a gajarce, ta tashi ta kama wa uwarta tsintar shinkafa.

Maganar ta hana ni sakat. Manyan masana na duniya, da gilashinsu da makullansu, dutsensu ya kauce musu, ba su tsaya neman wanda za su ɗora wa ba. Sun ce ba mu san wane ne ya canza ba, sun zauna sun gyara. Har yau ba ɗayansu da ke cewa nawa ne kaɗai daidai. Ni kuwa da ƙaramin akwatina na samu mace ɗaya da ta so ni da tokar murhunta, na kai ta kasuwa. Na san duk wannan a lokacin, kada ku ce sai daga baya na gane. Abin da ya gagare ni buɗe baki ne. Maza irina mun iya ba wa namiji haƙuri a gaban kasuwa, amma mu tsaya a gaban matar da ke zuba mana tuwo mu ce mun yi kuskure, sai harshe ya yi nauyi.

Sai na yi dabara irin ta matsorata. Juma'ar da ta biyo bayan tafiyar Falmata, na ɗauko dutsen, wanda ya fara duhu tunda ba mai kula shi. Kafin in fita masallaci na ajiye shi a gindin rijiya, a tsakiyar tasoshinta, kusa da kwanon tsamiya. Nufina ta gane: ga shi, naki ne, yi yadda kika so, na sauko. A masallaci ban ji rabin huɗuba ba. Ina ta ƙiyasta yadda zan shigo in gan shi yana sheƙi, in ce sannu da aiki, ta ce yauwa, shi ke nan komai ya koma yadda yake ba tare da na faɗi komai ba.

Na dawo, tasoshi na jere a rana suna ɗaukar ido. Dutsen ba ya cikinsu. Na shiga ɗaki na zauna, sai na ji sallamarta a bakin ƙofa. Ta naɗo shi a cikin sabon ƙyalle fari, ta tallabo shi da hannu biyu, yadda dattijon Miga ya koya mini, ita da ba wanda ya koya mata.

"Malam, ka manta dutsenka a waje. Da ƙyalle na ɗauko. Ban taɓa shi ba."

Ta tsaya. Yanzu na san jira take yi, domin ta daɗe a tsaye fiye da yadda miƙa abu ke bukata. Na dubi hannuwanta, duk sun yi fari da toka.

"To, ajiye a nan," na ce.

Ta durƙusa ta ajiye a bakin ƙofa, ta koma wajen tasoshinta.

Damina biyu ta ƙara a duniya. Da ciwon ya yi tsanani na ce ta yafe ni, irin yadda kowa ke faɗa a bakin gadon mara lafiya, ta ce ta yafe, ni ma in yafe mata. Na san ta yafe ɗin, ba ta riƙo. Amma a dunƙule na nemi yafiyar, ban ambaci abin da sunansa ba, kuma ita ta tafi tana ganin akwai wani abu a cikinsa da ya kamata a yafe mata. Babu. Ina so in ga ta shigo ɗakin nan ba sallama, ta ɗaga littattafaina, ta yi mini faɗan ƙura, ta taɓa duk abin da ta ga dama. Laifina ne, Yagana. Ban faɗa mata ba, ku nake gaya wa, tunda ku kuka rage.